JIYYAR HAƘORI DAGA SAIWARSA BA TARE DA AN CIRE SHI BA

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ba ya bukatar a kwatanta masa shi. Yakan fara ne da ɗan tsami sa'ad da mutum ya kurɓi ruwan randa da sassafe, ko ya sha shayi mai zafi. Daga nan sai ya zama zogi mai bugawa kamar ganga, wanda ya fi tsananta da dare bayan mutum ya sa haƙarƙarinsa ƙasa. Malami ya kasa duba littafi, ɗan kasuwa ya kasa lissafin cinikinsa, mai gida ya yi ta faɗa da iyalinsa ba gaira ba dalili. A tauna kanumfari, a kurkure baki da ruwan gishiri, a aika yaro kantin magani ya sayo ƙwaya. To, bayan kwana uku ko huɗu sai ciwon ya ɗauke ɗif, kamar an yi ruwa an ɗauke. Mai haƙori ya yi hamdala, ya yaba wa wanda ya ba shi magani na ƙarshe, ya koma sha'aninsa.

Nan ne babban kuskure yake. Sau da yawa ɗaukewar wannan zogi alama ce ta mutuwar jijiyar da ke cikin haƙorin, cutar kuwa tana nan, ta ma sami ɗakin zama inda ba mai korarta. Haƙorin da ya kai wannan hali hanya biyu ce kaɗai gare shi. Ko dai a cire shi ɗungum, ko kuwa a buɗe shi a yashe cikinsa har ƙarshen saiwa, kamar yadda ake yasar rijiya, sa'an nan a cike shi a toshe, ya ci gaba da aikinsa a baki. Wannan hanya ta biyu ita ce likitocin haƙori ke kira aikin saiwa, waɗansu kuma su ce cire jijiya. Mutane da yawa ba su san da ita ba, waɗanda suka sani kuma da yawansu tsoronta suke ji.

Darajar haƙori ɗaya

Kafin a shiga bayanin aikin, ya kamata a san abin da ake ƙoƙarin tsarewa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanka wa haƙori daraja. A babin diyya, haƙori ɗaya raƙuma 5 ne, alhali diyyar rai raƙuma 100 ce, watau kashi ɗaya cikin ashirin ke nan, kuma a mazhabar Malikiyya ba a bambanta na gaba da turmi ba. Har ila yau an ruwaito a Muwaɗɗa daga Sa'idu ɗan Musayyabu cewa haƙorin da aka buga ya yi baƙi, diyyarsa cikakkiya ce ko da bai faɗi ba. Likitocin yau sun san dalilin wannan baƙi, domin alama ce ta cewa ɓargon da ke ciki ya mutu.

Masu tajwidi kuma sun san haƙori ta wata fuska. Haruffan ث da ذ da ظ daga kan harshe suke fita tare da bakin haƙoran gaba na sama. Harafin ف daga cikin leɓen ƙasa yake fita tare da waɗannan haƙora. Haruffan ت da د da ط daga kan harshe ne da gindinsu, su kuma ص da س da ز ba su samun fitonsu sai da haƙoran gaba. Harafin ض kuwa, wanda almajirai ke kira lodi, daga gefen harshe yake fita inda ya jingina da turamen sama. Haruffa 11 ke nan, sun fi sulusin haruffan Larabci. Saboda haka alaramman da ya rasa haƙoransa na gaba tilas ya sha wahala kafin ya daidaita bakinsa, abin da duk wanda ya taɓa sauraron tilawar tsoho mai giɓi ya sani.

Babban likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi gargaɗi game da wannan a littafinsa Attasrif. Ya hori likita kada ya yi gaggawar cire haƙori sai ya gwada dukan dabarun da ke hannunsa, domin abu ne da ba shi da madadi. Ya kuma ja kunne cewa zogi yakan yaudari mai shi, ya nuna lafiyayyen haƙori ya ce shi ne, a cire, ciwo kuwa yana nan. Yau shekara dubu ke nan da wannan magana, amma ba ta tsufa ba.

Yadda haƙori yake a ciki

Baligi yana da haƙora 32 idan sun cika, yaro kuwa na nono 20. Kowane haƙori kashi biyu ne, da kai wanda ake gani a baki, da saiwa wadda ke binne cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma saiwar ta fi kan tsawo. Farin ɓawon da ya rufe kan, babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai shi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani rufi mai ɗan fatsi-fatsi wanda bai kai shi tauri ba, shi ne mafi yawan jikin haƙori. A can tsakiya kuwa akwai ɗan ɗaki, cikinsa da wata tsoka mai taushi wadda ta ƙunshi jijiyoyin ji da na jini. Wannan tsoka ita ce ɓargon haƙori.

Daga wannan ɗaki akwai 'yan siraran kafofi da suka gangara ta cikin kowace saiwa har ƙarshenta, inda suka buɗe da wata 'yar ƙofa da ba ta kai kan allura ba. Ta wannan ƙofa jini ke shiga yana fita. Haƙorin gaba galibi saiwa ɗaya gare shi da kafa ɗaya. Turmin ƙasa saiwa biyu, kafa uku ko huɗu. Turmin sama saiwa uku, kafofinsa kuwa sau da yawa huɗu ne, ta huɗun tana da wuyar gani ƙwarai. Tsawon haƙori tun daga kai har ƙarshen saiwa bai cika wuce inci ɗaya ba.

Babban aikin ɓargo shi ne gina haƙori tun yana tsiro. In haƙori ya gama girma, yana iya zama a baki ba tare da ɓargo ba, domin abin da ke riƙe da shi wata 'yar tantani ce mai zaruruwa wadda ta ɗaure saiwa da ƙashi daga waje, ita kuma da nata jinin dabam. A kan wannan ne dukan aikin saiwa ya dogara.

Yadda ɓarna take shiga

Mutanen da, tun daga Babila har ƙasashen Turai, sun ɗauka cewa tsutsa ce ke cin haƙori, kuma har yau akan ji wannan magana a kasuwanni. A ƙarni na 13 wani marubuci mutumin Dimashƙa, Abdurrahim Aljaubari, ya wallafa littafi na tona asirin 'yan damfara, a ciki ya bayyana yadda masu da'awar maganin haƙori ke ɓoye 'yar tsutsa, su sa hannu a bakin majiyyaci, su fito da ita su nuna wa jama'a su karɓi lada. A 1728 wani likitan Faransa, Pierre Fauchard, shi ma ya ƙaryata zancen tsutsa a babban littafinsa na ilmin haƙori. Amma sai a 1890 ne wani Ba'amurke mai aiki a birnin Balin na Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana ainihin abin da ke faruwa. Akwai ƙwayoyin cuta a bakin kowa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna cin ragowar sukari da ta maƙale a haƙori, su fitar da ruwa mai tsami, shi kuma tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan har ya huda shi.

Muddin ramin bai kai ga ɓargo ba, magani mai sauƙi ne, a kankare ruɓar a cike gurbin cikin zama ɗaya. In ya kai ga ɓargo kuwa, sai tsokar ta kumbura. To, yatsa in ya kumbura yana da filin da zai buɗa, amma ɓargo a cikin ɗakin dutse yake, ba inda zai motsa. Wannan matsi shi ne zogin da ke hana barci. In abin ya daɗe sai tsokar ta mutu ta ruɓe, zogi ya tsaya. Ba ruɓa kaɗai ke jawo haka ba. Tsagewar haƙori wajen tauna ƙashi ko buɗe kwalba, da bugu wajen faɗuwa daga babur ko dambe, duk suna iya kashe ɓargo, wani lokaci sai bayan shekaru a ga haƙorin ya sake launi.

A 1965 waɗansu masu bincike uku a Amurka, Kakehashi da Stanley da Fitzgerald, suka yi wani gwaji da ya warware shakka. Suka sami ɓeraye kashi biyu, kashi ɗaya na yau da kullum, ɗayan kuwa an haife su an rene su a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Suka huda turamensu duka har ɓargo suka bar su a buɗe. Ɓerayen yau da kullum ɓargonsu ya mutu, mugunya ta taru a gindin saiwa. Waɗancan kuwa ɓargonsu ya rayu, har ya soma gina sabon rufi a kan hujin, ko da yake abinci yana cushewa a ciki. Daga nan aka tabbata cewa ƙwayar cuta ita ce asalin ɓarnar, kuma duk maganin da bai fitar da ita daga cikin haƙori ba, lallashi ne kawai.

Abin da ya sa ƙwayar magani ba ta isa

Maganin da mutum ya haɗiya, ko aka yi masa allurarsa, jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda cuta take. Haƙorin da ɓargonsa ya mutu kuwa jini ya daina shiga cikinsa. Saboda haka ko mutum ya shanye kafso kwali guda, ba abin da zai taɓa ƙwayoyin da ke zaune cikin kafofin saiwa. Iyakar abin da maganin zai yi shi ne ya kwantar da kumburin da ke waje na ɗan lokaci, in ya ƙare su sake fitowa ta ƙofar saiwa. Yawan shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi ci.

Akwai kuma masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, da masu ɗiga ruwan batir a ramin haƙori. Waɗannan ƙuna kawai suke jawowa, su bar gyambo a baki. Kanumfari yana da amfani na gaskiya wajen rage zogi, domin mansa yana dusashe jijiya, amma ba ya kai wa ga gindin cutar.

In aka bar haƙori haka, mugunya takan taru a ƙarshen saiwa ta riƙa cin ƙashi. Wani lokaci takan huda wa kanta hanya ta fito a dasashi kamar ɗan ƙurji, ya fashe ya koma, ya sake fitowa, baki ya riƙa wari. Mai irin wannan ba ya jin zafi sosai, shi ya sa yakan yi shekaru da shi. Wani lokaci kuwa sai ta bi ta cikin tsoka, kunci ya haye, ido ya rufe. Mafi hatsari shi ne in turmin ƙasa ne, kumburin ya gangara ƙarƙashin harshe da haɓa ya tura harshe sama ya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya siffanta wannan ciwo a 1836, har yau da sunansa ake kiransa, kuma har yau yana kisa in aka yi jinkiri. Saboda haka duk wanda ciwon haƙori ya zo masa da zazzaɓi, ko kumburin wuya, ko ya kasa buɗe baki, ko haɗiyar yawu ta gagare shi, ko numfashinsa ya soma sarƙewa, to a kai shi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Masu ciwon sukari su suka fi kowa bukatar kiyaye wannan.

Yadda ake yin aikin

Da farko likita zai binciki haƙorin. Zai ƙwanƙwasa shi, ya ɗora masa abu mai sanyi ya ga ko yana ji, sa'an nan ya ɗauki hotonsa da na'urar da ke nuna ƙashi. A hoton, wurin da mugunya ta ci ƙashi yakan fito kamar baƙin tabo a ƙarshen saiwa. Da haka ake kauce wa kuskuren da Azzahrawi ya ambata na kama haƙorin da ba shi da laifi.

Sa'an nan a yi allurar kashe zafi a dasashi, gefen bakin ya mutu murus na 'yan sa'o'i, mutum kuwa idonsa biyu, yana jin duk abin da ake faɗi. Sai a kawo wani ɗan ƙyallen roba mai huji a tsakiya, a zura haƙorin ta hujin, ya zama shi kaɗai ke waje, sauran baki duk a rufe. Amfaninsa biyu ne. Yana hana yawu, wanda ke cike da ƙwayoyin cuta, komawa cikin haƙorin da ake wankewa, yana kuma hana ɗan ƙarfe ko ruwan magani faɗawa maƙogwaro.

Bayan wannan likita zai huda kan haƙorin ya buɗe ɗakin ɓargo, ya nemo bakin kowace kafa. Zai auna zurfinta da wata na'ura mai lantarki, ko da hoto, domin kada ya tsaya bai kai ƙarshe ba, kada kuma ya zarce ya shiga ƙashi. Daga nan sai yasa. Ana yinta da waɗansu 'yan magagarai sirara kamar allura, mafi ƙanƙantarsu bakinsa bai fi kaurin gashin kai ba. A fara da ƙarami a bi da wanda ya fi shi, ana kankare bangon kafar ana ɗan faɗaɗa ta. Tsakanin kowane magagari da na bayansa akan ɗura ruwan magani a wanke. Ruwan da aka fi amfani da shi ɗan'uwan wanda ake sa wa fararen tufafi ne su yi haske, amma an auna ƙarfinsa, yana narkar da matacciyar tsoka yana kashe ƙwayar cuta. Wankin nan shi ne zuciyar aikin, domin kafar saiwa tana da 'yan rassa da lunguna da ƙarfe ba ya shiga, sai ruwa.

In mugunya ta yi yawa, likita yakan zuba magani a ciki ya toshe na wucin gadi, ya ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu. A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Zogi ya tafi, kasuwa ta kira, sai a ƙi komawa. Toshin wucin gadi kuwa ba a yi shi don ya daɗe ba. In ya faɗi, ƙwayoyin cuta su koma, aikin da aka biya ya tashi a banza.

In kafofi suka tsarkaka suka bushe, sai a cike su tun daga ƙarshen saiwa har sama da waɗansu 'yan tsinkayen danƙo, a haɗa da wani kwaɓi da ke liƙe su da bango, yadda ba sauran gurbin da wani abu zai zauna. Sa'an nan a cike kan haƙorin. In turmi ne, galibi akan yi masa hula ta ƙarfe ko ta tangaran wadda za ta rufe shi duka, domin haƙorin da ruɓa ta ci aka kuma huda ya rage ƙarfi, yana iya tsagewa garin tauna. Kowane zama yakan ɗauki kamar sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan an gama akan ji ɗan tsami kwana biyu ko uku in an tauna abu. Ƙashin da mugunya ta ci kuwa da kansa yake komawa ya cike, cikin watanni ko shekara, shi ya sa akan nemi mutum ya dawo a sake hoto.

Inda kayan aikin suka fito

Tunanin huda haƙori ba sabo ba ne. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambata a littafinsa Alƙanun cewa wani lokaci akan bukaci huda haƙori da siririn abin huji domin mugun abin da ya taru ya fita, magani kuma ya sami hanyar kai wa ƙasa. Abin da ya rage wa mutanen wancan zamani shi ne kayan aiki, da maganin zafi, da hanyar ganin abin da ke cikin ƙashi. Waɗannan a hankali suka samu. A 1838 wani likitan Amurka, Edwin Maynard, ya goge wayar agogo ya yi siririn ƙarfen shiga saiwa. A 1864 Sanford Barnum na birnin New York ya ƙago ƙyallen robar nan. A 1884 aka gano a birnin Biyana cewa ana iya kashe zafi a gaɓa ɗaya ba tare da an sa mutum barci ba, kuma maganin allurar da aka fi amfani da shi yau, lidokain, a ƙasar Suwidin aka haɗa shi a 1943. A 1895 Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, kuma a farkon 1896 wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, ya zauna minti 25 kafin hoton ya kama. Yau ƙiftawar ido ne. A 1988 kuma aka fito da magagarai na wani ƙarfe mai lanƙwasa, gamin nikel da titaniyam, masu bin karkatacciyar saiwa ba su kauce ba.

Danƙon cikewa kuwa kayan fatauci ne. Sunansa gata-faca, ƙaro ne na wata itaciya da ke tsiro a ƙasar Malesiya da tsibiran da ke kewaye da ita. Turawa sun yi cinikinsa ƙwarai a ƙarni na 19, domin da shi aka naɗe wayar tangarahu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa a 1851. Tun wajen 1867 ake cike saiwar haƙori da shi, kuma har yau shi aka fi amfani da shi ko'ina a duniya. Kwaɓin da ake liƙe shi da shi kuma, ɗaya daga cikin tsofaffin irinsa da man kanumfari ake haɗa shi, shi ya sa ɗakin likitan haƙori yakan yi ƙanshin da kowane mai sayar da kayan yaji zai gane.

Zamanin cire-cire

Wannan aiki ya taɓa shiga mugun zargi. A 1910 wani likitan Ingila, William Hunter, ya yi lacca a birnin Montreal na Kanada, ya soki masu ɗora hular zinariya a kan ruɓaɓɓen haƙori ba tare da sun tsabtace shi ba. Sukarsa tana kan hanya, amma sai mutane suka wuce gona da iri. Aka riƙa cewa duk haƙorin da ba shi da ɓargo shi ne tushen ciwon gaɓɓai da na zuciya da na ƙoda, har da taɓin hankali. Shekara wajen talatin likitoci a Ingila da Amurka suna zube wa mutane haƙora, masu ciwo da lafiyayyu, cututtukan da ake son warkarwa kuwa ba su warke ba. Da aka sake bin gwaje-gwajen da aka gina wannan ra'ayi a kansu da kyakkyawar ƙa'ida, sai aka tarar ba su tsaya ba, kuma zuwa shekarun 1950 aka watsar da shi. Har yau akan ji ɓurɓushin wannan magana tana yawo, ana cewa aikin saiwa yana jawo ciwon daji. Bincike bai tabbatar da haka ba. Abin tsoro shi ne haƙorin da aka bari da mugunya a gindinsa.

Lissafin riba da faɗuwa

Ba kowane haƙori ne ake iya ceto ba. In saiwa ta tsage a tsaye, ko ruɓa ta cinye kan har ta nutse ƙarƙashin dasashi, ko ciwon dasashi ya zaizaye ƙashi haƙori yana girgiɗi, to cirewa ita ce daidai, likitan kirki kuma zai faɗi gaskiya. Amma inda aikin ya yiwu aka kuma yi shi da kyau, bincike ya nuna kimanin haƙora 9 cikin 10 suna nan a baki suna aiki bayan shekaru masu yawa. Wanda bai warke ba ma sau da yawa ana iya sake buɗe shi a sake wankewa.

Gaskiya ne kuɗin aikin saiwa ya fi na cirewa nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ke sa da yawa su ce a cire kawai a huta. Amma ɗan kasuwa ya san araha ba ta ado, kuma ba a ranar sayen kaya ake sanin riba ba. In aka cire turmi, maƙwabtansa sukan karkato cikin giɓin, na samansa ya zazzago domin ya rasa abokin karo, ƙashin wurin ya lotsa, tauna ta koma gefe ɗaya. In daga baya aka so cike giɓin, haƙorin roba da ake sawa a cire ba ya tauna kamar na halitta, wanda ake dasawa cikin ƙashi da ƙarfe kuwa kuɗinsa ya ninka na aikin saiwa. Ana yin wannan aiki a sashen haƙori na manyan asibitocin koyarwa, kamar na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da kuma wurin likitocin haƙori masu rajista. Mai zuwa ya tambaya tun farko zama nawa za a yi, da ko kuɗin hula yana cikin lissafi, domin kada guzuri ya ƙare a tsakiyar hanya.

Mafi arahar duka dai shi ne kada a kai ga nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2022 cewa mutane wajen miliyan 3,500 ne ke fama da cututtukan baki, kuma wajen miliyan 2,500 daga cikinsu ruɓar haƙori ce da ba a yi wa magani ba. Hukumar ta kuma ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Mai zama a rumfa yana shan shayi kofi bayan kofi, kowanne da cokali uku ko huɗu, ga lemon kwalba, ga alewa, ya lissafa da kansa. Asawaki da aka gada abu ne mai kyau in ana bin kowane haƙori ciki da waje, a haɗa da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare, musamman kafin barci. Wanda kuma ya ji ɗan tsamin nan na farko sa'ad da ya kurɓi ruwan sanyi, to lokacin zuwa wurin likita ke nan, tun rami yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye masu ita, amin.